Alhaji Mai Tikiti ya rasu: me za a yi da baƙin littafinsa?

Tsohon Yaron Ofis:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. 'Yan uwa, Allah ya yi wa maigidanmu Alhaji Mai Tikiti, mai ofishin yankar tikitin jirgin sama a nan Kano, rasuwa daren jiya bayan gajeriyar jinya. An yi masa sutura da safiyar nan, ana zaman makoki a ƙofar gida. Da yawanmu ta hannunsa muka fara hawa jirgi, wasu kuma ta hannunsa iyayenmu suka ga ɗakin Ka'aba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya ba iyalansa haƙuri.

Maman 'Yan Biyu:
Allahu akbar. Baba Alhaji! Allah ya sa Aljanna ce makoma. Mutum ne da ba ka shiga ofishinsa ka fito da ɓacin rai.

Ɗan Fagge:
Allah ya gafarta masa. Ku yaran yanzu kun san shi da kwamfuta a gabansa, mu kuwa mun san shi tun lokacin da ake rubuta tikiti da biro. Ɗan littafi ne mai shafuka da jan kabon a bayan kowane shafi, in hannunka bai da nauyi rubutun ba ya fitowa a shafin ƙarshe, in ka yi kuskuren harafi ɗaya kuma sai an soke an sake. Alhaji zai ɗora tikitin a kan gilashin teburinsa, ya sauke tabarau kan hanci, ya rubuta sunanka da manyan baƙaƙe yana duba fasfo harafi bayan harafi, sannan ya karanta maka ranar tafiya da ranar dawowa har sai ka maimaita masa da bakinka. A wancan zamani in ba ka koma ofishin jirgi ka tabbatar da kujerar dawowa kwana uku kafin tashi ba, sai ka tarar an ba wani. Shi ya sa yake manna wata 'yar takarda a bangon tikitin, da ajami ga wanda bai iya boko ba, mai ɗauke da ranar da za ka je. Sai a 2008 aka daina tikitin takarda a duniya baki ɗaya. Ya ga zamanin Nigeria Airways har ya durƙushe a 2003, ya ga zamanin kamfanin jirgin Kabo, ya ga lokacin da KLM ke sauka a Kano. Sana'ar nan tsohuwa ce a garinmu. Tun 1948 su Alhaji Mahmud Ɗantata suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai a nan Fagge, lokacin ana bin hanyar Sudan a mota, wasu su yi shekaru kafin su dawo. Tun daga can abin da ya riƙe sana'ar shi ne mutum ya danƙa maka kuɗin da ya tara tsawon rayuwarsa ya koma gida ya yi barci. Alhaji ya riƙe wannan amana har ya koma ga Ubangijinsa.

'Yar Kwari:
Wallahi Baba Ɗan Fagge tun da na ji labarin nan ban iya buɗe shago ba. Lokacin da maigidana ya rasu ya bar ni da yara da ɗan jarin atamfa, mata 'yan uwana suka ce in gwada sarin Dubai. Na je wajen Alhaji da kuɗin da in na biya tikiti da biza, babu abin da zan saro. Ya lissafa a gabana, ya ajiye biro ya ce, "Hajiya, in kika ba ni wannan, yawon buɗe ido za ki yi. Tafi da kuɗinki ki sayo kaya, in kin sayar ki kawo." Ya jawo wani baƙin littafi mai kauri ya rubuta. Bai ce in kawo mai tsaya min ba, bai ce in ajiye sarƙa ba. Ya haɗa ni da wata dattijuwa da ta san Deira, unguwar kasuwanci a Dubai, ya rubuta min sunan masauki da lambar mai kago, wato mai aiko da kaya, a bayan katinsa, ya ce kar in karɓi saƙon kowa a filin jirgi ko da ƙulli ne na magani. Na dawo na biya a hankali. Yaran nan da suka gama makaranta, da wannan tafiyar aka fara.

Jikan Hajiya Babba:
Ni abin da ba zan manta ba shi ne yadda yake yi da tsofaffi. Kakata daga ƙauye muka kawo ta za ta yi Umara a watan azumi, ba ta taɓa kwana a birni ba. A bayan ofishinsa akwai ɗaki da tabarmi da butoci, na mata daban, nan mutanen karkara ke kwana in jirgi ya yi jinkiri, kuma shi ke aika a sayo musu koko da ƙosai da asuba. Ya zaunar da ita a kujera ya ɗauko wani tsohon bel na jirgi da yake ajiyewa a durowa, ya nuna mata yadda ake ɗaurewa da yadda ake ɗaga murfin ƙarfen ya buɗe, ta yi ta yi har ta iya. Ya gaya mata yadda ƙofar banɗakin jirgi ke naɗewa, ya ce kar ta ji tsoron ƙarar da zai yi. Ya sa aka ɗinka mata sunan masaukinta da Larabci a cikin jakar wuya. Ya zazzage kayanta ya cire goron da ta ɓoye cikin zani, yana rarrashinta cewa hukuma ta hana. Ƙarfe biyun dare ya bi mu har filin jirgin Malam Aminu Kano da kansa, bai tafi ba sai da ya ga an tura ta a keken marasa ƙarfi. Har ta rasu, in ta idar da salla sai ta sa shi a addu'a.

Ɗan Maraɗi:
Allah ya jiƙan Alhaji. Mu mutanen Maraɗi da Damagaram da yawa Kano muke zuwa mu tashi, don ta fi mana Yamai kusa. In ka zo da sefa, zai haɗa ka da ɗan canjin da ya yarda da shi a kasuwar canji ta Wapa, ya ce ka je ka canza da kanka ka ga farashi da idonka. Bai taɓa cin ribar canji a kanmu ba.

Abokin Sana'a:
Allah ya jiƙan Yaya Alhaji. Tare muka yi gwagwarmayar nan, kuma babu ƙarya a duk abin da aka faɗa. Amma zan faɗi abin da ba a so a ji a ranar makoki, don in ba a faɗa yau ba, gobe kowa ya watse. Alherin nan da kuke yabo, da kuɗi aka yi shi, kuma wasu ba su mayar ba.

Mutane ba su san yadda aikinmu yake ba. Suna ganin ka danna kwamfuta tikiti ya fito, sai su ɗauka kujerar taka ce. Duk tikitin da ejan mai rajista ya yanka, akwai ranar da aka ƙayyade masa ya zuba kuɗinsa a asusun IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, ko fasinja ya biya ko bai biya ba. In ranar ta wuce ba ka cika ba, a toshe ka, a taɓa jinginar da ka ajiye ta banki, sunanka ya ɓaci wajen duk kamfanonin jirage lokaci guda. A da kamfanin jirgi kan ba ejan kashi 9 cikin 100 na kuɗin tikiti, daga baya aka yi ta zaftarewa har wasu ba sa ba da komai, sai ɗan ladan aikin da ka ɗora. To mutumin da ribarsa a tikiti ba ta taka kara ta karya ba, in ya ba mutum goma bashi biyu suka ƙi biya, ribar wata guda ta tafi. Na sha ganin Yaya Alhaji ranar biya yana bin 'yan canji yana neman rance don ya cike gurbin waɗanda suka ce masa "sai mun dawo". Wasunsu suna cikinmu nan, suna karanta wannan. Ya bar mata biyu da yara, har da waɗanda ba su gama sakandare ba.

Maman 'Yan Biyu:
Haba Alhaji, ƙasar kabarinsa ko bushewa ba ta yi ba. A bari a yi sadakar uku mana.

Abokin Sana'a:
Hajiya, bashi ba ya jiran sadakar uku. Marigayin ma ana binsa. Akwai mutanen da suka ajiye kuɗin Umara a hannunsa, za su zo.

Ɗan Fagge:
Ni ina ganin maganar Alhaji Abokin Sana'a tana kan hanya, sai dai ban yarda da yadda ya sa ta ba, kamar marigayi bai san abin da yake yi ba. Ya sani sarai. Na taɓa yi masa irin wannan faɗan, ya ce min shi ya san waɗanda ba za su iya biya ba tun ranar da suka shigo, kuma da saninsa yake ba su. Mutum ne da ya zaɓi inda zai kai dukiyarsa.

Abokin Sana'a:
Wanda ba zai iya ba daban, wanda ya ƙi daban. Akwai wanda ya ci bashin tikitin Guwanzu ta ƙasar Sin, yau kwantena yake saukewa, in ya hango Yaya Alhaji a masallacin Juma'a sai ya sake ƙofa. Wannan ba sadaka aka ba shi ba.

Tsohon Yaron Ofis:
Tunda an taɓo wannan, bari in faɗi abin da na gani da idona lokacin korona, don shi ya karya ofishin, ba masu bashi kaɗai ba. A ƙarshen Fabrairun 2020 Saudiyya ta dakatar da shigar masu Umara. Muna da mutanen da an riga an buga musu biza, an biya masauki, an yanki tikiti. A watan Maris aka rufe filin jirgin Kano ga jiragen waje, ba a sake buɗewa ba sai 2021. Hajjin 2020 da na 2021 babu wanda ya je daga waje. Kamfanonin jirage da yawa ba su mayar da tsabar kuɗi ba, takardar alkawari suka bayar cewa ka yi tafiya da ita nan gaba, kuɗin masauki kuma wani ya dawo bayan dogon lokaci, wani shiru. Ejan da dama suka ce wa mutanensu, ku jira mu ma jira muke, kuma ba su yi laifi ba a ƙa'ida. Alhaji ya ce tsohuwar da ta sayar da saniyarta ba ta san wata takardar alkawari ba, shi ta ba kuɗi, shi za ta tambaya ranar gobe. Ya sayar da filinsa da ya ajiye don ginin yara, ya kira mutane ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ce a bar masa kuɗinsa sai an buɗe, ya rubuta. Wanda ya ce yana so, ya ƙirga masa cif. Duk tsawon rufewar nan bai sallami ko mai shara ba, rabin albashi yake ba mu yana ba mu haƙuri kamar shi ya kawo cutar.

Da aka buɗe a 2022 kuma kujerun Hajjin Najeriya suka dawo kusan 43,000 maimakon 95,000 da aka saba, rabon kamfanonin jirgin yawo, wato masu jigilar alhazai masu zaman kansu, ya ragu, an kuma hana wanda ya haura shekara 65. Akwai dattijai da suka yi shekara biyu suna jira aka ce ba za su je ba. Shi ya bi su gida-gida ya gaya musu, bai yarda a gaya musu a waya ba.

Mai Jinya:
Allah ya saka masa. Ni mahaifina muka kai Alkahira aikin ƙoda. Alhaji ne ya nuna mana takardar da likita zai cike kafin jirgi ya yarda ya ɗauki marar lafiya, ya nema mana kujerar da ke kusa da banɗaki, ya ce mu sayi tikitin da ake iya sauya wa rana ko da ya fi tsada, don jinya ba ta da ranar gamawa. Sau da dama muka ɗaga dawowa, bai taɓa karɓar ladan aikinsa ba, tarar kamfanin jirgi kaɗai muke biya. Kuma akwai ragowar kuɗinsa a kaina. Ina so in san wa zan ba.

Babban Ɗan Marigayi:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. An nuna min abin da ake tattaunawa, na karɓi waya don in yi godiya a madadin iyayenmu mata da ƙannena. Kawu Abokin Sana'a bai faɗi ƙarya ba, kuma ba mu ji haushi ba, shi ya tsaya a kan gawar Baba har aka binne. Baƙin littafin yana hannuna, ba ma ɗaya ba ne, guda huɗu ne. Daren jiya na buɗe. Abu uku na gani a ciki. Akwai sunayen da ya ja wa layi ya rubuta "ya biya". Akwai waɗanda ya ja wa layi da jan biro ya rubuta "don Allah" da kwanan wata, suna da yawa. Akwai kuma waɗanda ke buɗe. Wasu ma babu cikakken suna, sai ka ga "tsohon Ɗambatta mai ciwon ido" ko "yarinyar da ke karatu a Sudan". A bayan littafi na ƙarshe ya jera kuɗin ajiyar mutane, kowa da adadinsa. Ni ban san hukuncin ba, kuma ina tsoron in ci haƙƙin wani ko in bar na ƙannena ya salwanta. Malam yana cikinmu, Allah ya gafarta Malam, a yi mana bayani.

Malamin Unguwa:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya albarkaci bayansa. Ɗana, abin da ka yi na tambaya shi ne daidai.

Dukiyar mamaci tana da tsari. A fara da kuɗin jana'iza, sannan a biya bashin da ake binsa, sannan wasiyya in ya bari, kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku, abin da ya rage shi ne gado. Kuɗin ajiyar masu Umara kuwa ba ma dukiyarsa ba ce, amana ce. Ita za a fara warewa a mayar wa masu ita, ko a kammala musu tafiyar in sun yarda wani amintacce ya ɗauka. Kada a raba ko allura kafin wannan. Ya tabbata a hadisi cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa, don haka gaggawar da Kawunku ya nema tana da tushe.

Waɗanda ya yafe wa da hannunsa yana da rai da lafiya, ya wuce, babu magajin da zai tayar. Ina yi masa fatan abin da ya zo a hadisin mutumin nan da ke ba mutane bashi, yana ce wa yaronsa in ka iske wanda ke cikin ƙunci ka ƙyale shi ko Allah zai ƙyale mu, Allah kuwa ya yafe masa. Amma waɗanda ke buɗe, tun daga daren jiya sun tashi daga nasa sun zama na magada. A cikin magadan akwai marayu ƙanana, kuma babu mai ikon yafe rabon maraya, ko kai, ko mahaifiyarsa. Baligi yana iya yafe nasa kason in ya so. Wanda ke cikin ƙunci na gaskiya a jinkirta masa, haka aya ta 280 a Baƙara ta ce. Mai hali da ke ja da biya kuwa zalunci yake yi, kuma yanzu marayu yake zalunta.

Ɗan Maraɗi:
Allah ya gafarta Malam, ga tambaya. Wanda ya ci bashi a 2019, lokacin dala ba ta kai naira 400 ba, yau kuma ta haura 1,000 da nisa tun bayan da aka saki naira a 2023, me zai biya? Tikiti da dala ake lissafa shi ko da da naira aka biya. In ya kawo adadin da aka rubuta, ko rabin tikitin yau bai kai ba.

Abokin Sana'a:
Yauwa. Abin da ke cina ke nan. Kujerar Hajjin hukuma da ba ta kai miliyan 3 ba a 2023, a 2025 ta wuce miliyan 8. Wanda ya riƙe kuɗin mutum duk tsawon nan ya kawo tsohon adadi, ai ya ci riba da jinkirinsa.

Malamin Unguwa:
Abin da mafi yawan malamai suka tafi a kai shi ne ana biyan bashi da irin abin da aka ƙulla. In naira ya rubuta, naira ce, adadin da ya rubuta. In dala ko riyal ya rubuta, ita za a kawo ko ƙimarta a ranar biya. Magada ba za su ɗora ƙari a matsayin sharaɗi ba, don ƙofar riba ce. Akwai malaman da ke ganin in kuɗi ya faɗi warwas a yi sulhu a raba asarar, musamman ga wanda ya yi jinkiri da gangan, kuma sulhu alheri ne. Amma wanda ya ƙara da kansa ba tare da an tambaye shi ba, wannan sunna ce, Annabi sallallahu alaihi wa sallam ya biya da abin da ya fi wanda ya ranta. Kowa ya san abin da tikitin nan ya zame masa.

Matashin Zaure:
Ni ina ganin a buga sunayen waɗanda ba su biya ba kawai, kowa ya gani. Kunya za ta sa su kawo.

'Yar Kwari:
A'a ƙanena, kar a yi haka. Sunana ya zauna a littafin nan, kuma ko 'ya'yana ba su sani ba sai yau da na faɗa da bakina. Mutumin da ya rubuta "tsohon Ɗambatta" don kar yaran ofis su san wane ne, ba zai so a tona kowa ba. A cikin buɗaɗɗun nan akwai waɗanda suka rasu, akwai waɗanda kasuwa ta karye musu lokacin da Dubai ta daina ba 'yan Najeriya biza a 2022. A bi su a asirce. Mai kwantena kuma a tura masa dattijai biyu har gida.

Ɗan Fagge:
Na yarda da Hajiya. Ni zan je, in Alhaji Abokin Sana'a zai raka ni, tunda shi ya san fuskokinsu.

Abokin Sana'a:
Zan raka ka. Masu ajiyar Umara kuma, wanda ya fi son tafiya a kan karɓar kuɗi, zan yi masa aikin a ofishina ba ladan komai. Amma sai an zauna da Malam da magada an ƙirga abin da ke asusun ofis tukuna, kada in yi alkawarin da ba a san iyakarsa ba.

Babban Ɗan Marigayi:
Mun gode, Allah ya bar zumunci. Mun tsayar da ranar Asabar bayan la'asar a gida, da Malam da Kawu da Baba Ɗan Fagge. Littattafan ba za su fita daga hannun mutum huɗun nan ba. Mai son biya ya same ni ko Kawu, za a ba shi rasit, a ja layi a gabansa. Wanda kuma yake bin Baba, ko babu takarda, don Allah ya zo ya faɗa.

Maman 'Yan Biyu:
Allah ya yi muku albarka. Ɗana, fasfon mahaifiyata yana ofis tun watan jiya, an kai don biza. Yaya za a yi?

Tsohon Yaron Ofis:
Yana nan Hajiya, duk fasfo suna cikin sef, kowanne da takardar mai shi ɗaure da roba. Zan buɗe ofis ranar Litinin daga ƙarfe 10 zuwa azahar. Mai fasfo ya zo da kansa, in tsoho ne ko marar lafiya a zo da katin shaidarsa da na wanda aka aiko. Waɗanda bizarsu ta riga ta fito su fara zuwa, don akwai masu tashi a makon nan kuma sai an duba tikitinsu.